Filin motocin nan na hanyar Kano: haɗin gida ko 'yar Beljiyam, ga abin da na gani

Masu ta tambayata a kan filin motocin nan da ke can wajen gari kan hanyar Kano, wanda ya fara jera sababbin motoci haɗin Najeriya a gefe guda sannan 'yan Beljiyam da na hannu a ɗaya gefen, to a taƙaice wurin ba laifi, za ka iya zuwa, amma dan Allah kar ka je kai kaɗai kuma kar ka biya ko sisi ranar farko. Sunan filin ba zan kama ba, 'yan Katsina masu bin hanyar sun san inda nake nufi. Yayana na raka, ya karɓi haƙƙinsa na barin aiki yana son motar da za ta riƙa kai iyali Daura da Kano ba tare da kullum ana kwance ƙarƙashinta ba, shi kuma tun daga gida ya ƙudurce wai shi haɗin gida zai saya saboda kishin ƙasa.

Tarba dai sun iya ta. Akwai rumfa da benci, ana kawo ruwa mai sanyi, akwai ɗan masallaci a ciki, kuma ba sa hana ka buɗe bonet ko ka shiga ka tada mota ka ji kukan inji, wanda wasu filayen sai sun ƙare maka kallo daga hula zuwa takalmi kafin su miƙo makulli. Abin da ya ban haushi shi ne dillalai. Kana sauka daga mashin za su yanyame ka, wannan ya ce yallaɓai zo ga mai kyau nan, wancan ya ce ranka ya daɗe tun jiya nake ajiye maka wata, kuma babu mota ko ɗaya da aka rubuta kuɗinta a gilashi, sai ka tambayi mutum ukku ka ji farashi ukku. In ka bi ta hannunsu la'adarsu a wuyanka take ko an faɗa maka ko ba a faɗa ba. Ka wuce kai tsaye ofis ka nemi Alhaji mai filin da kansa, shi magana ɗaya yake yi kuma in ka matsa yana faɗa maka aibin mota.

Ɓangaren 'yan Beljiyam shi ne ainihin kasuwar, nan mutane suke cika. Corolla ce ta fi yawa, sai Camry, sai Vibe da Matrix, Honda kaɗan, sai can baya na hannu irin su 406 da Golf da Sharon na 'yan haya. Mun je da bakaniken Yaya, kuma da ba don shi ba da an yi mana sakiyar da ba ruwa, domin akwai wata da ta ɗauki idonmu tana ta sheƙi, yaron filin yana ta rantsuwa fentin kamfani ne, bakaniken ya zagaya ya shafa gefen ƙofa ya leƙa ƙarƙashin kafet ya ce wannan ta sha duka a gaba an miƙe ta, kuma ga alamar ruwa ya taɓa kwanciya cikinta. Da aka kira Alhaji bai musa ba, ya ce eh daga gwanjon Amurka ta fito, kuma ya rage kuɗi sosai, amma da ba mu gano ba ai shiru za a yi. Wannan kam laifi ne kuma na faɗa masa a gabansa. Takardun kwastan kuma ka duba da kyau, lambar casis ta dace da abin da ke takarda, saboda tun Janairun 2017 gwamnatin marigayi Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, mu kuma nan ga Jibiya ga Kongolam kusa, kowa ya san yadda wasu motocin ke shigowa, ranar da aka tare ka a hanyar Kano ba dillali za a kama ba kai za a sauke.

To sai ɓangaren sababbi. Ba su da yawa, 'yan ƙanana na shiga da iyali da a-kori-kura guda biyu, kujeru duk cikin leda. Gaskiya in ka shiga ciki sai ka ji daban, mu da muka saba da motar da wani ya gama cin ƙuruciyarta a Turai. Esi yana busawa kamar ba a Katsina kake ba, ba wata fitila da ke kunne a gaban sitiyari, ƙasanta a ɗage yake yadda ba za ka riƙa jin ƙarar gugar salansa a kan kowane tudun rage gudu ba, ga takardar garanti ta kamfani. An ba mu ɗaya muka ɗana har gaba kaɗan muka juyo, shokozoba lafiya lau, birki yana kamawa, giya tana shiga ba gardama. Abin da na lura kawai robobin ciki ba su kai na Japan kauri ba kuma in ka taka sosai ana jin iska ta gefen ƙofa, ba zan faɗi ta wane kamfani ba ce tunda guda ɗaya na hau ba zan yi wa dukkansu hukunci da ita ba.

Sai aka zo kuɗi. Da Alhaji ya faɗa sai Yaya ya cire hula ya mayar. Kuɗin ƙaramar guda ɗaya zai saya maka Corolla 'yar Beljiyam mai lafiya guda biyu har da canjin yin lamba. Yaya ya ce haba Alhaji, ba nan gida ake yin ta ba, nawa ake biyan yaran namu da ke haɗa ta da har za ta yi wanga tsada? Alhaji ya yi dariya ya ce Malam ai ba kai ka fara wannan tambayar ba, kowa ya zo ita yake yi.

Kuma tambayar tana kan hanya in ka kalle ta a sama. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wanda in ka juya shi bai kai dala 50 ba lokacin da dala take sama da 1,500. A Amurka kuwa ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW ta yi yajin aiki na kusan mako shida a 2023 a kamfanonin Ford da GM da Stellantis, suka fito da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, wanda zai kai babban ma'aikaci sama da dala 40 a awa ɗaya kafin yarjejeniyar ta ƙare a 2028. Wato aikin awa biyu na mai ɗaure noti a Detroit ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci a nan. Ko kamfanin gida ya ninka wa ma'aikacinsa mafi ƙarancin albashi sau biyar har yanzu tazarar ba ta misaltuwa. To mi ya sa tamu ba ta yi araha ba?

Amsar ita ce kuɗin leburan da ke haɗa mota ɗan kaɗan ne cikin kuɗin motar, ko a can inda ake biyansu da tsoka. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne a kayan da aka yi ta da su, ƙarfe, inji, giya, wayoyi, kwamfutar ciki, gilashi, taya, sannan kuɗin zanen motar da gwaje-gwaje da injinan masana'anta. Mu kuma a cikin waɗannan wanne muke yi? Inji daga waje yake zuwa, giya daga waje, kayan lantarki daga waje, mafi yawansu daga Sin. Da yawa daga masu haɗawar abin da ake kira SKD suke yi, wato motar ta zo a kwantena kusan a gama, jiki an riga an yi masa fenti, nan sai a ɗora inji a sa taya da kujeru a ɗaure. Masu yin CKD su ne suke walda da fenti a nan, su sun fi ɗaukar ma'aikata. Amma ko wanne ne dala ake nema a sayo kayan, kuma kowa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Taya ma da muke yi a da, Michelin ya tattara ya bar ƙasar a 2007, Dunlop ya tsaya a 2008. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta har yau ba ta fitar da farantin ƙarfen da za a buga jikin mota ba, kamfanin mulmula ƙarfe namu na nan Katsina kuma rodi aka gina shi ya yi, na gini. Saboda haka arahar lebura ba ta da wurin da za ta yi tasiri, kana samun sauƙi a ɗan ƙaramin kaso kana biyan dala a babban.

Sai maganar yawa, wadda a ganina ita ce uwa uba. Toyota na sayar da mota sama da miliyan 10 a shekara, Volkswagen wajen miliyan 9, BYD na Sin ya haura miliyan 4 a 2024, kuma Sin ɗin ta wuce Japan a fitar da motoci waje tun 2023. Wanda ke sayen fulogi miliyan arba'in a lokaci ɗaya da wanda ke sayen dubu biyu ba farashi ɗaya za a ba su ba, kuma kuɗin gina masana'anta in ka raba shi kan mota miliyan ba ya komi, in ka raba shi kan 'yan ɗaruruwa sai ya danne kowace mota. Ga wuta, masana'anta ko ta ƙona dizal ko ta biya kuɗin layin Band A da aka ninka fiye da sau ukku a Afrilun 2024. Ga banki, ruwan bashi ya kai wajen kashi 30, wa zai ci wannan bashin ya gina wurin fenti? Shi ya sa Toyota da ke biyan albashi mai tsoka ya ci ribar sama da yen tiriliyan 5 a shekarar kuɗinsa da ta ƙare Maris 2024, namu kuma mai biyan albashin naira yana ta fama ya ga ya maida uwar kuɗi.

Ba wai albashi ba ya kayar da kamfani ba, yana yi. GM da Chrysler sun durƙushe a 2009 sai da gwamnatin Amurka ta tallafe su, kuma cikin abin da ya yi musu nauyi akwai fansho da kuɗin asibitin tsofaffin ma'aikata da suka taru shekara da shekaru, alhali Toyota da Honda sun zo sun kafa masana'antu a cikin Amurkar ba su da wannan tsohon kayan a ka. Camry ɗin da muke hawa da yawanta ba daga Japan ta fito ba, a Kentucky aka yi ta. Vibe ɗin nan ma da ta cika Katsina, tambarin Pontiac ne a gabanta na GM amma cikinta Toyota ce, a wata masana'anta ta haɗin gwiwar GM da Toyota a Kalifoniya aka yi ta, an rufe Pontiac ɗin gaba ɗaya a 2010 masana'antar kuma yanzu Tesla ke ciki, amma ga Vibe nan tana ta kai amare. Volkswagen ma a Jamus a Disambar 2024 sai da ya zauna da ƙungiyar ma'aikata aka amince za a rage guraben aiki sama da 35,000 kafin 2030 saboda tsadar aiki da matsin motocin Sin. To su can rigimarsu ke nan, albashi ya yi yawa. Mu tamu rigimar daban ce.

Kuma abin da na tsaya na kalla a filin nan shi ne, motar haɗin gida ba da sabuwar Toyota take gasa ba. Sabuwar Toyota dal daga kamfani ai ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, mutum nawa ne a Katsina ke sayen ta in ba gwamnati da manyan 'yan kasuwa ba. Abokiyar gasarta ita ce waccan Corolla mai shekara goma sha biyar da ke fake taku ashirin daga inda take. Ita kuwa wannan wani Ba'amurke ya riga ya biya albashin wanda ya haɗa ta, ya biya ribar kamfani, ya hau ta har ya gaji ko ya buga ta inshora ta biya shi aka kai ta gwanjo, mu abin da muke biya ragowar ne da kuɗin jirgi da duti. Babu masana'antar da za ta iya karawa da wannan ko da kyauta ma'aikatanta ke aiki. Gwamnatin Jonathan ta gane haka shi ya sa a tsarin 2013 aka ɗora duti kashi 35 da ƙarin haraji kashi 35 kan motar da aka shigo da ita a haɗe don a kare masu haɗawa a gida, mutane suka zuba kuɗi suka buɗe wurare, sai dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta sauke ƙarin harajin zuwa kashi 5. Mu masu saye mun ji daɗi ba ƙarya, amma wanda ya ci bashi ya kafa masana'anta bisa alƙawarin farko fa? Sannan su kansu masu yin dokar a 2023 da za a saya wa 'yan majalisar tarayya motoci, manyan Toyota na waje aka sayo kowace sama da naira miliyan 100, ana ta surutu suka yi kunnen uwar shegu.

Alhaji ma da na tambaye shi wanne ɓangare ya fi kawo masa, bai ɓoye ba. Ya ce 'yar Beljiyam yana iya juya kuɗinsa cikin ɗan lokaci kuma shi ke yanka farashi, sabuwar kuwa kamfani ne ke yanke kuɗin shi kamasho kawai yake ci, tana iya wata da watanni tana shan rana, masu ɗaukarta yawanci ma'aikatu ne da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi, su ma sai an bi su kuɗin. Ya ce yana ajiye su ne saboda suna ja masa mutane kuma in tsarin biya kaɗan-kaɗan ya zauna wata rana yana so a same shi a ciki.

Yaya ya ɗan yi shiru sannan ya shiga ba mu labarin zamanin 504, kuma gaskiyarsa ne, an yi lokacin da haɗin gida ita ce motar kowa. PAN ta fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, Volkswagen na Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan. Lokacin naira na da ƙarfi, gwamnati ba ta hawa komi sai Peugeot, ma'aikaci yana samun bashin mota. Da naira ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980 aka buɗe ƙofa wa na hannu sai suka bi juna suna mutuwa, PAN ɗin ma an sayar da ita a 2006 daga baya AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da suka maƙale, ta karɓe ta saboda bashi. Yanzu akwai masu ƙoƙari, Innoson a Nnewi tun 2010, Dangote da Peugeot sun buɗe sabuwa a Kaduna a 2022 suna haɗa 301 da Landtrek, ga Nord da masu haɗa GAC a Legas. Ni ban raina ƙoƙarinsu ba ko kaɗan, duk wanda ya ɗauki matasa aikin walda da fenti da wayarin a ƙasar nan ya yi abin a yaba. Kuma ba abin da ba zai yiwu ba ne, Maroko ga ta nan, Renault ya buɗe a Tanja a 2012, Peugeot ya biyo a Kenitra a 2019, yau motoci dubu ɗaruruwa suke fitarwa Turai duk shekara, su ma arahar lebura ce ta fara jawo kamfanonin amma sun haɗa da tashar jirgin ruwa da wuta da masu yin kayan gyara a kusa da kuma dokar da ba ta canzawa duk bayan zaɓe.

Mu dawo filin. Abin da ya ƙarasa karya wa Yaya gwiwa ba ma kuɗin ba ne, tambayar da bakanike ya yi ce. Ya ce Alhaji in fitilar gaba ta fashe ko famfon mai ya mutu ina za a samo? Aka ce sai an yi oda. Juyen mai da sabis na cikin garanti fa? Aka ce sai an kai ta inda kamfani ya amince, Kano ko Kaduna ko Abuja, in wani ya taɓa ta a nan garanti ya tashi. Filin ba su da garejin kansu, ba su da ko shagon kayan gyara ɗaya na motocin da suke sayarwa sababbi, wanda a ganina babban giɓi ne, kana sayar wa mutum abu na miliyoyi ka ce ya yi tafiyar awa biyu da wani abu don a canza masa baƙin mai. Corolla kuwa ko a Mashi ko Mai'aduwa ta tsaya maka za ka samu yaron da ya san ta, kayanta in babu a Katsina kafin la'asar an saƙo maka daga Ƙofar Ruwa a motar haya. Ga maganar sayarwa, mu nan mota ajiya ce, ranar da ta ɓaci ko aikin Hajji ya taso ko auren ɗiya, Toyota kana fitar da ita dillalai za su yi ta kira, wadda ba a saba da ita ba kuwa sai an taya ta kamar ana yi maka alfarma.

Don haka ni ga yadda na auna. In ma'aikata ce ko makaranta ko ɗan kwangila mai buƙatar a-kori-kura, mai direba da zai iya kai ta sabis kuma ba ya tunanin sayarwa nan kusa, ya je ɓangaren sababbin, zai huta da gareji na shekaru kuma ya san ba wanda ya taɓa juya mata mita. Amma ya sa a rubuta masa a takarda inda za a yi sabis da tsawon garantin, shekara nawa ko kilomita nawa, kar ya yarda da ta baki. In kuwa irin Yaya ne, kuɗin sallama guda ɗaya da ba za a sake samun irinsa ba, ɓangaren 'yan Beljiyam ya fi masa, da bakanike da mai na'urar duba kwamfutar mota, kuma a je da safe kafin rana ta yi zafi a ga tashin inji yana sanyi, don in an riga an ɗumama shi ba ka jin komi.

Corolla ya ɗauka daga ƙarshe, fara, takardunta cikakku, Alhaji ya yarda aka kai ta gareji aka ɗaga ta kafin a biya, aka samu kan shaf ɗaya ya fara ƙara ya cire kuɗin gyaran daga ciniki ba tare da jayayya ba. Biya ta banki aka yi, suka ba da rasit mai hatimi da takardar yarjejeniya da shaidu biyu. Ranar Juma'a ba sa buɗewa sai bayan an sauko masallaci, kuma in za ku ɗana mota ku ne za ku zuba mai.